Takalman da Na Bari a Ƙofa

Ikilisiyarmu ta Angilika a Riyad ba ta da gini, ba ta da ƙararrawa. Falo ne a wani rukunin gidajen ma'aikata, bayan an wuce unguwar Utaiƙa. Wani dattijo mai gyaran injinan asibiti, mutumin wajen Zariya, shi da matarsa suka fara ta da mutum huɗu da littafin addu'a ɗaya. Baba muke ce masa, matarsa kuma Mama. Ba mu da fasto, shi yake karanta mana. A can aka yi addu'ar auren mutum biyu, a can muka yi kukan waɗanda suka rasu a gida ba mu samu zuwa ba. Lokacin da na shiga, ina direba a unguwar Gubaira, mun kai ashirin.

Ranar Juma'a da safe muke sujada, don ita ce ranar hutu. A ƙasar nan taro irin namu ba ya son ido. In maganar ta kai ofishin kamfani, iƙamar Baba, takardar zamansa, ita za ta fara tafiya. Shi ya sa ake shigowa bibbiyu, waƙa kuma ƙasa-ƙasa. Sai dai Bahaushe ba ya shiga falon mutane da takalmi, komai gargaɗi sai ya tuɓe a ƙofa. Aikina ke nan, in kwashe in shigar ciki.

Wata Juma'a na zo da fushi. Kafilina, wato maigidan da ya ɗauko ni aiki, ya zage ni a gaban 'ya'yansa. Na zauna ina ta juya maganar a raina, na manta da ƙofa. Sai da aka yi nisa na tuna. Ina leƙawa na ga mai gadin rukunin tsugune, yana jera takalman da kan sandarsa.

"Biki ake?" ya ce da Larabci, yana murmushi.

Na ce ziyara ce.

"Kowace Juma'a? To wa yake tara ku, abokina?"

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce ni direba ne kawai, mai gidan ne yake kiran mutane. Har sunan Baba na faɗa, da inda yake aiki, abin da bai ma tambaye ni ba.

Na koma ciki na karɓi waƙa.

Sati biyu shiru. Daga nan wata farar mota ta fara tsayawa a bakin layin, gilashi a rufe, inji a kunne. Mama ta daina ɗaga labule. Mutane suka ragu zuwa takwas, sannan biyar. Baba ya ja ni gefe.

"Ɗana, kai ne a ƙofa. Wani ya taɓa tambayarka wani abu?"

"Babu, Baba."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce to, Allah ya tsare.

Da aka kira shi ofis ba a ambaci sujada ba. An dai ce ba za a sabunta masa iƙama ba, ya shirya. Har yau ban san ko maganata ce ta jawo ba, amma na san na faɗa, na kuma ɓoye.

Ni na kai su filin jirgi. Kafin ya shiga ya ɗora hannu a kaina, ya yi mini addu'a mai tsawo, yana gode wa Allah da amanata. Na sunkuya na ce amin.