Kuɓewar Umma da jan ƙyalle

Tun ina yarinya an san ni da rashin zama wuri ɗaya, kuma shekarar da Umma ta rasu abin sai ya ƙaru. A tsakiyar damina ta rasu, ta bar ni a gidanmu na Kawo da ɗan lambunta a bayan ɗakin girki. In na taso daga ofis sai in rasa inda zan sa kaina. In share tsakar gida, in sake sharewa, in kwashe kwanuka in wanke alhali wankakku ne.

Da kaka ta shigo, ruwa ya ɗauke, lambun ya fara bushewa. Yakuwa ta tsufa, alayyafo ya yi kai, karan kuɓewa suka tsaya tsirara. A jikin wasu akwai manyan kuɓewa da suka ƙeƙashe, kowace da jan ƙyalle ɗaure a wuyanta. Na sha ganin ƙyallayen nan duk shekara, ban taɓa tambaya ba. Na ɗauka na korar tsuntsaye ne. Wallahi ganinsu kawai ke tayar mini da hankali, domin daga tsohon zanen Umma aka yage su.

Wata Asabar na ce yau sai na gama da wannan kufai. Wata abokiyar aikina ta ce lokacin sanyi shi ne na latas da karas da albasa, ta ma ba ni iri. Na ɗauki fartanya na tumɓuke komai, na tara, na cinna wuta. Na tayar da kunya uku. A kan kantar ɗakin girki na ga wata kwalba cike da toka, na tuna an ce toka na korar ƙwari, sai na zazzage ta a kan kunyar albasa na cakuɗa da ƙasa. Na ji wasu 'yan ƙwayoyi a hannuna, na ce gawayi ne. Na yi ban ruwa, na tsaya ina yaba kaina.

Kwana biyu bayan haka Inna ta zo daga Rigasa. Ƙanwar Umma ce, su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu kafin rasuwar. Ko mayafi ba ta cire ba ta wuce bayan gida, ina biye da ita. Ta tsaya ta dubi kunyoyin nan nawa.

"Ke 'yar nan, ina kuɓewar?"

"Ai ta bushe, Inna. Na ƙone ta."

"Har masu ƙyallen?"

Na ce har su. Ta yi salati ta dafa bango. Ta ce waɗanda aka ɗaura wa ƙyalle su ne na iri, ƙyallen yana nufin kada kowa ya taɓa, a bar su su bushe a kan kara. Kuɓewar kuma ba irin ta kasuwa ba ce, gajeriya ce mai ja-ja a baki, kakarmu ce ta taho da irinta daga ƙauye lokacin da aka kawo ta Kaduna. Inna tana shuka tata a bokiti, domin an malale tsakar gidanta da siminti, kuma cinyewa take yi, tunda duk kaka Umma na ba ta sabon iri.

"To, Allah ya sa ta rage na bara," in ji ta. "Ɗauko mini kwalbar toka, a ciki take ɓoye shi saboda ƙwari."

Na nuna mata kunyar albasa da hannu.

Inna ba ta yi faɗa ba, ni kuwa da ta yi da na fi samun sauƙi. Cewa kawai ta yi kada in tona, duk abin da ya jiƙa ya riga ya fara motsi. Ta ce kuɓewa ba ta son sanyi, amma in jira in gani. Ni da jira! Na fi ƙin kalmar nan fiye da komai.

Kullum da safe kafin in tafi tasha neman mota sai na tsuguna a kan kunyar. A ofis ina buga takarda hankalina yana Kawo. Ranar da ta cika mako na ga tsiro biyar masu faffaɗan ganye a tsakanin siraran albasar. Kai, na yi ihu har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga.

Sai sanyi ya kankama. Biyar ɗin nan suka tsaya cak kamar an ce kada su motsa. Ƙadangaru suka cinye biyu a yini ɗaya, na bi su da takalmi ina zagi. Na cire albasar da ke kusa, ban ko ji zafinta ba. Na kewaye wurin da tsohuwar tabarma saboda iska. Famfo ya ɗauke, na koma jan ruwa a rijiya, kuma Inna ta hana ni zuba shi da sassafe, ta ce in bari rana ta ɗan ɗumama shi, don haka sai na dawo da yamma. Duk da haka na cika wa ɗaya ruwa saboda zumuɗi, gindinta ya ruɓe. Ranar na yi kuka sosai, na ji haushin kaina fiye da ranar wutar.

Latas ya yi kyau, karas ya yi, na rarraba wa maƙwabta ba tare da na ɗanɗana ba. Ni dai idona yana kan kara biyu da ko gwiwata ba su kai ba. Sai da sanyi ya fara ja da baya ɗaya ta buɗe fure rawaya. Furen ya faɗi, ya bar wata 'yar aba kamar kan yatsa, da ɗan ja a bakinta. Ɗayar ba ta taɓa yin komai ba.

Na kira Inna a waya, washegari sai ga ta. Ta tsuguna da ƙyar ta daɗe tana kallo.

"Ita ce," in ji ta. "Guda ɗaya ma ta isa, in kin iya barin ta."

Na shiga ɗakin Umma, wanda rabona da buɗe akwatinta tun ranar sadakar bakwai. Zanen yana can ƙasa, gefensa duk a yayyage, shekara da shekaru. Na yagi nawa. Inna ta riƙe mini karan, ni kuma na ɗaura ƙyallen a wuyan 'yar kuɓewar.