Jikan Ajuji

Ni karatuna aji uku ne, don haka mai neman tarihi da hatimi sai ya nufi Yamai. Nawa daga bakin kakata Inna Hajo na ji shi, a Affala, shekarun da Nasara ya naɗe tutarsa ya bar mana lakkwal, makarantar boko.

In ɗari ya shigo, bayan isha'i mukan kewaye wutar kara a ɗakinta. Ran nan na zo ina kumbure-kumbure. Mushe, malaminmu, ya ce gobe kowa ya kawo sunan kakansa a rubuta bayan nasa, har abada. Namu kuwa Ajuji. Wa zai so a riƙa kiransa da juji gaban 'yan aji?

"Mijin banza," in ji Inna, "zamna ka ji."

Ta ce uwar kakana ɗiya shida ta haifa, shida ta rufe, ba wanda ya kai yaye. Da na bakwai, wato kakana, ya faɗo, ko dubansa ba ta yi ba. Ta sa aka kai shi kan juji, cikin toka da kashin awaki, ko tsumma babu.

"Mutuwa ta zo yadda ta saba, ta leƙa ɗaki, ba jinjiri. Ta bi ta juji, ta ga abu na motsi, ta ce wanga shara ce, ba mai so nai. Ta wuce."

"Ta tafi hannu wofi?"

"Wa ya gaya maka? Ta koma ɗaki ta ɗauki uwar."

Wuta ta yi ƙasa, ba wanda ya ƙara kara.

Da safe, ni mai ilimi, na ce wa mushe sunan kakana Abdullahi. Shi ke kan katin shaidata har yau. Inna ta ji, ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "To, ka nuna wa mutuwa ƙofa."

Na daɗe ina dariyar maganar. Sai na yi aure a Tawa, na binne ɗana na fari, na biyu, na uku. Likita ya ce ƙyanda da zazzaɓi, na yarda. Liman ya ce ajali, na yarda. Amma ran da aka haifi ta huɗu, ni da aji ukuna na ɗauke ta na kai juji, na laɓe bayan danga, har maƙwabciya ta tsinto ta.

Ita ke dama mini fura yanzu. A takarda Rakiya Abdullahi ce. Ku zo unguwarmu da wannan suna, ba mai nuna muku gidan. Ku ce Ajuji.