Kaset Takwas da Na Miƙa

Ranar Laraba ce, ranar kasuwarmu. Na buɗe shago ƙarfe bakwai saura kwata. Na share ƙofa, na jera rediyo da agogo da pil, wato batir, a kan tebur. Matata Hajara ta kawo mini kunu. Ta bayan katanga ina jin ƴata Falmata tana maimaita karatun Faransanci.

Ƙauyenmu yana arewa da Gure, tafiyar yini da rabi a ƙasa. A shekarar aka rufe kolejin Gure ba zato, aka sallami yara kowa ya koma garinsu. Falmata tana ajin ƙarshe. Ban yi boko ba, amma na san kaset, ita nake sayarwa. Na sami malaminsu, Malam Isufu, na ce ya riƙa karanta darasi a kaset, ni zan kwafa in raba ranar kasuwa. Yaro ya saurara, ya juya kaset, ya ɗauki amsarsa a baya, in mayar Gure.

Da farko amsoshin sun riƙa cakuɗewa. Ni na kawo dabara. Na ce kowane yaro ya fara da sunansa, da na ubansa, da unguwarsu. Ni kuma ina gane kaset ɗin kowa da tsagar wuƙa da nake yi a gefe. Ranar nan akwai ashirin da uku cikin kwali a ƙarƙashin tebur.

Ƙarfe goma da minti ashirin na ji ƙarar mota daga arewa. Ba ƙarar motar kasuwa ba ce. Guda uku ne, buɗaɗɗu. Harbin farko a sama aka yi shi. Na biyu ya sami Ari mahauci a wuya. Raƙuma suka tsinke dabaibayi.

"Ku kwanta! Kowa ƙasa!"

Fuskokinsu a naɗe da rawani. Wasu da kakin soja, wasu babu. Har yau ban san mutanen wa ba ne, kuma ba zan yi ƙarya in ce na sani ba.

Suka tara mu a filin awon hatsi. Suka kwashe gero da sukari da man fetur. Ɗaya ya kifar da teburina, kwalin ya fito. Ya sa kaset a rediyo don ya ji waƙa. Sai muryar yaro ta tashi tana faɗin suna da sunan uba, sannan ta shiga Faransanci. Babbansu ya ɗaga hannu, kowa ya yi shiru. Ya saurara har minti guda.

"Masu boko! Su muke nema. Na wa ne wannan kaya?"

Mutane suka ɗago kai. Kallona kawai suka yi.

Aka durƙusar da ni gaban rediyon, bakin bindiga a ƙeyata. Aka ce in sa su ɗaya bayan ɗaya. Kaset ɗin Falmata mai tsaga uku ce, na gan ta a gefen kwali. Na tura ta ƙasa da yatsa. Rediyon da suka ɗauko na gwaji ne, pil ɗin ciki tsofaffi ne. Na san ba za su wuce rabin awa ba. Na ƙara sauti har ƙarshe don su ci wuta da sauri.

Na fara da waɗanda na san ba sa gari. Na sa ta ɗan Bukar, wanda ya tafi Kelle. Aka kira, babu amsa. Suka jawo Bukar suka karya masa hannu da gindin bindiga. Na sa ta biyu da ta uku, iyayen suka sha duka. Ta huɗu ta Musa ce, ɗan maƙwabcina Kyari. Na ga fitarsa da shanu da asuba. Ban san ya dawo ɗaukar guga ba. Da ya ji an taka uban, sai ya miƙe da kansa.

Daga nan ba sauran wanda ba ya nan. Kowace na ɗauka, mai ita yana kwance a filin, ko yana cikin gida. Na tsallake ƴan mata. Na sa ta Lawali. Na sa ta Abba. Na sa ta Sani, ɗan mai gishiri. Iyayensu suna kallon hannuna. Sun san na san tsagar kowa. A ta takwas murya ta fara ja kamar ta mai barci, amma sunan ya fita: Mamman, ɗan Gaji. Ƙarfe goma sha ɗaya saura biyar rediyon ya mutu.

"Tashi! Kawo sabbin pil!"

Aka haɗa ni da mutum ɗaya. Da muka shiga shago na buɗe masa akwatin agogo. Ya rataya bindiga ya sa hannu biyu. Na bi ta ƙofar baya. Hajara da Falmata suna ƙarƙashin gado. Na jawo su. Ba mu ɗauki komai ba sai buta ɗaya.

Muka tsallake danga muka faɗa kwarin goruba. Ƙarfe goma sha ɗaya da kwata muka ji harbi uku a jere, sannan kukan mata. Ba mu waiwaya ba. Da azahar hayaƙi ya tashi a bayanmu. Ruwan butar ya ƙare da la'asar. Takalmin Hajara ya tsinke, ta ci gaba ba takalmi, ƙaya ta cika mata ƙafa. Muka kwana a wata ruga. Washegari ƙarfe huɗu na yamma muka shiga Gure.

Bayan kwana uku Bukar ya iso da hannu a ɗaure. Shi ya faɗa mini sauran. Da suka ga na gudu, sun harbe Kyari da mutum biyu, suka ƙone shagona da kwalin a ciki. Sun tafi da yara biyar. Bukar ya faɗi wannan a gaban Falmata. Ya faɗi yadda na zaɓa. Bai ƙara komai ba, bai rage ba.

Lawali da Sani sun dawo bayan wata bakwai. Sun ce takardun magani da wasiƙu ake sa su karantawa. Sani ya dawo ba ido ɗaya. Musa da Abba da Mamman ba su dawo ba.

Da aka buɗe koleji Falmata ta zauna jarrabawa, ta ci. Tana gaishe ni kullum da safe, a durƙushe, kamar yadda ya kamata. Ba ta taɓa tambayata komai ba. Matar Gaji ta dawo Gure da zama, tana sayar da tabarma layi biyu daga sabon shagona. Mamman shi kaɗai ne ɗanta. Shekara huɗu ke nan ina zagayawa ta bayan tasha don kada in bi ta gabanta.