Kwikwiyon da Na Saya Ban Ga Uwarsa Ba

Cikin duk abin da ya same ni a zamana na Kuala Lumpur, kwana shidan da wani kwikwiyo ya yi a hannunmu lokacin korona su ne ba za su taɓa fita daga raina ba. Har yau na san da hannuna a ciki.

A lokacin ina karatun digiri na uku, muna haya a unguwar Taman Melati, a wani ƙaramin gida mai ɗan fili a baya. Matata ta tafi Kaduna jinyar mahaifiyarta da niyyar wata guda, sai aka rufe iyakoki. Aka bar ni da 'yarmu mai shekara tara. Makaranta ta koma cikin kwamfuta, coci ma haka. Yarinyar da a da sai an roƙe ta ta yi shiru, ta koma sai ta wuni ba ta ce uffan ba. Abu ɗaya ke sa fuskarta ta saki, wato hotunan karnuka a waya.

Da karnuka na tashi a gidanmu a kudancin Kaduna, don haka ban ga wata wahala a saya mata kwikwiyo ba. Na tambayi maƙwabcina, wani dattijo Musulmi ɗan ƙasar, ko abin zai dame shi. Ya ce muddin karen ba zai tsallako masa ba, babu komai. A ranar na shiga intanet, na ga wani mai sayarwa da hoton kwikwiyo ruwan zuma mai dogayen kunnuwa. Na kira shi na ce ina so in zo in ga uwar.

Ya ce, "Bos, ai ka san dokar kulle, ko'ina shingen 'yan sanda ne. Ni zan kawo maka. Amma ka yanke shawara yau, mutum biyu na jira."

Washegari da hantsi ya tsaya kusa da tashar jirgin ƙasa, takunkumi a fuska, ko fitowa daga mota bai yi ba. Ta taga ya miƙo kwali da katin rigakafi. Na leƙa. Kwikwiyon bai kai na hoton girma ba, cikinsa a kumbure, haƙarƙarinsa a waje, idonsa duk kwantsa, ga wani ƙarni yana tashi. Duk na gani. Amma 'yata ta riga ta zura hannu tana dariyar da na yi watanni ban ji ba, sai na kau da kai. Wannan kau da kan ne nake cizon yatsa a kansa har yau.

Kwana uku gidan ya dawo gida. 'Yata ta riƙa kiran uwarta ta bidiyo tana zuba surutu. A rana ta huɗu kwikwiyon ya ƙi abinci, sai amai, sai gudawa da jini. Muka garzaya asibitin dabbobi. Mutum ɗaya kawai ake bari ya shiga, yarinyar ta tsaya a waje ta manna goshi a gilashin ƙofa.

Likitar ta ɗaga leɓensa ta nuna mini dasashinsa fari fat. Ta juya katin ta ce babu asibitin da ya ba da shi, kuma an raba kwikwiyon da nono tun lokaci bai yi ba. Cuta ce mai cin hanjin ƙananan karnuka, kuma da alama da ita ya zo. Sai ta dube ni ta ce, "Ka ga uwarsa? Ka ga inda aka haife shi?" Na ce a'a. Kwana biyu ana yi masa ƙarin ruwa, ya mutu. Lambar mai sayarwa kuwa tuni ta daina shiga.

Da na gaya wa 'yata, ba ta yi kuka nan take ba. Can ta ce, "Baba, madarar da na ba shi ce ta kashe shi?"

Na zaunar da ita na ce, "A'a. Da ciwonsa aka kawo shi. Na ga alama tun a kwali, na yi shiru. Laifina ne, ba naki ba." Sai a lokacin ta fashe da kuka.

Bayan an sassauta kulle, likitar ta yi mini kwatancen wata tsohuwa Ba'indiya mai kiwon karnuka a bayan gari. Tun a ƙofa ta sa muka cire takalma muka wanke hannu. Ta yi ta jero tambayoyi: wa ke wuni a gida, ina karen zai kwana, idan na gama karatu ina zan kai shi. Da ta ji labarin na farko, sai ta ce ba za ta sayar mini ba. Raina ya ɓaci, na ɗauka don ta ga baƙar fata ne, har na kama hannun 'yata za mu tafi.

Ta ce, "Ɗana, tsaya ka ji. Wannan cuta tana daɗewa a ƙasa watanni. Idan na ba ka jariri yau, kabari na aika shi. Je ka wanke gidanka da bilic mai kashe ƙwayoyin cuta, ka zubar da duk abin da wancan ya taɓa, ka jira. Kafin nan ku riƙa zuwa."

Muka riƙa zuwa. Ta nuna mana 'yan kwikwiyon da uwarsu, ƙatuwar karya mai sanyin hali, da inda suke kwana, da takardun asibitinsu ba tare da na roƙa ba. Ta koya wa 'yata duba dasashi da cikin kunne, da shafa ciki, da lura da tafiyar kwikwiyo, da wanda ke zuwa wurin mutum da kansa da wanda ke laɓewa. Sai bayan matata ta dawo tsohuwar ta ba mu wata 'yar karya da ta gama rigakafinta, wadda yarinyar ta zaɓa da kanta. Karyar tana nan da ranta, har ta fara furfura a baki.

Abin da na koya shi ne, mai kiwo na gaskiya ba ya gaggauta ka, ba ya ɓoye maka uwa ko wurin kwana, kuma yana iya hana ka don ya ceci ran dabbarsa. Wanda ya ce ka biya yau ko ka rasa, ka bar masa kayansa. Sannan idan idonka ya nuna maka gaskiya, kada tausayi ko ɗoki ya sa ka ƙaryata shi, domin sau da yawa ba kai za ka ɗanɗana kuɗar ba, wanda kake so ka faranta wa ne.