Kawu Ɗanjuma da "Aap" Ɗinsa

Duk wanda ya zauna unguwar Hindawiyya a Makka ya san Kawu Ɗanjuma tela, yayan mahaifiyata, ba ya barin gaisuwa ta wuce sai ya gyara ta. Ya yi shekara da shekaru yana ɗinki a shagon wani Ba'indiye, amma kalma uku kacal ya tsinto, ya kuwa hana mu sakat da su.

"Indiyawa 'kai' ɗinsu kashi uku ne," in ji shi. "Aap na babba ne, tum na sa'a, tu kuwa na yaro ko wanda ka raina. Mu kuwa kowa kai, kowa ke!"

Na ce, "Kawu, ai muna da 'ku'."

"Rufe min baki, tu!"

Matarsa Inna Hajara ta taɓa cika wa miya gishiri, ya sauke ta daga aap zuwa tum. Ta ce, "Kai ni har tu ɗin, in dai gobe kai za ka shiga kicin." Kafin la'asar an mayar mata da muƙaminta.

Ranar da za su je unguwar Ka'akiyya nema mini auren Saudatu, har bakin tasi na bi shi ina roƙo ya bar Indiyancin nan a gida. Ina! Suna zama ya dubi mahaifinta, tsoho mutumin Sakkwato, ya ce, "Aap..." Tsohon ya zaci shaƙuwa ce, ya ce a kawo ruwa maza. Kawu ya fusata, ya shiga bayani har aka kira magariba, suka taso ba a ko ambaci sunana ba. Wallahi na kwana uku ban gaishe shi ba! Sai da aka sake komawa, an bar shi a shago.

Da ciwon sukari ya kwantar da shi a asibiti, ma'aikaciyar jinyar Ba'indiya ce. Ta zo da allura, ta yi masa magana da tum. Kawu ya janye hannu ya cusa cikin bargo. Likita na faɗa, ni ina ta magiya.

"Haba Kawu! Ranka ne fa!"

"Halas, shi ke nan, ran ya tafi. 'Yar cikina ce za ta ce min tum?"

Na koma ina roƙon matar, gumi na keto min. Ta yi dariya, ta rusuna ta ce aap. Nan take ya miƙa hannu, ya harare ni.

"Kai so kake in mutu a tum?"

Bai tashi daga wannan kwanciyar ba. A Harami aka sallace shi bayan asuba, telolin layinsu duka suka bar shaguna a rufe suka raka shi. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba Inna Hajara haƙuri.