Famfon da Alyo ya bari a shagona

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina buɗe shago da safiyar nan anka kira ni daga Barmu, wai Alyo mai cuku ya rasu jiya bayan la'asar. Har an kai shi.



Wanda bai san shi ba, shi ne dogon nan da ke kawo cuku kasuwar Tawa bisa wani tsohon keke, da kwando ɗaure a baya. Taubashina ne, kuma tsarana. Ni ina saida kayan keke, shi shina lalata su, haka munka rayu. Bai taɓa wuce shagona bai aje mini cuku ba, kuma bai taɓa aje shi bai zage ni ba. Sai ya ce: “Ungo, ɓarawon kasuwa, ci ka samu ƙarfin cutar mutane.”

Shekarar da na kwanta da masassara, shi ya zauna mini shago. Ya kori rabin masu saye da gaskiyarshi, amma ya zauna.

Ran kasuwar da ta wuce ya zo zaɓen famfon sa ma keke iska. Ku da ke saye wurina kun san yadda nake yi. Ba ni yabon famfo da baki. In toshe bakin tiyo da babban yatsa, in danna. In iska ya ture yatsan, na kirki ne. Daga nan in haɗa shi da taya in cika ta da sauri gaban mai saye, ya gani da idonshi. Rabin cinikin a nan yake.

Na fiddo mishi na hannu, mai jikin ƙarfe. Ya duba ko bakinshi ya dace da bawul ɗin tayarshi, ya dace. Ya danna kaɗan, sai ya tsaya, ya dafa ƙirji, ya zauna kan benci shina dariya. Ya ce: “Wannan na samari ne. Ba ni na ƙafa, wanda ko tsohuwa ta taka shi.”

Na ce mishi tsufa ya kama ɗan Barmu. Na karɓe famfon don in nuna mishi yadda maza ke yi. Taya ba ta kai rabi ba na ji abin nan da na daɗe ina ɓoye ma kowa, har uwar ɗiyana: nauyi a tsakiyar ƙirji kamar an aza mini buhun gero, ya gangara hannun hagu. Na yi kamar ina gyara tiyo.

Alyo ya dube ni. Dariyar ta tafi.

“Kai ma?”

Na ce zafin rana ne.

“Wa kake saida ma wannan maganar? Ni?”

Ya gwada na ƙafan, ya taka shi a hankali, taya ta cika bai ko yi haki ba. Ya ce shi ya zaɓa. Na sa mishi a leda, sai ya maido shi bisa tebur. Ya ce ba ya ɗauka sai ranar da munka je asibiti tare anka auna mu, don ya san ni, in ya tafi da kayanshi ba ni zuwa. Na yi ta roƙo ya ɗauka, ya ƙiya. Munka aje magana kan yau.

Ɗiyarshi Hadiza ce ta kira ni. Ta ce shina ƙofar gida shina sa ma keke iska da tsohon famfonshi na hannu, don ya yi sammakon zuwa Tawa, sai ta ji ƙarar faɗuwar keken. Ko magana bai yi ba.

Na ƙafan ga shi nan gabana cikin ledarshi.

Jama'a, tsoro nake ji. Ni da ke ciniki da dilolin kasuwar dabbobi ba su ci ni ba, yau na kasa ɗaga butar shayi. Ɗazu wani ya zo neman famfo, na miƙa mishi na ce ya gwada da kanshi. Ina tsoron abin da lokotoron asibiti zai ce, ina kuma tsoron in taka keke zuwa wurinshi. Ɗiyana ƙanana ne. Kuma na san halina: in na ce bari in fara zuwa gaisuwa Barmu, daga can sai in samu wata dabara, asibitin ya bi iska.

Don haka na rufe shago. Na kira kabu-kabu, asibiti za ni yanzu, ni kaɗai. Na rubuta a nan ne don in wani ya gan ni kasuwa kafin azahar ya kore ni. In an sallame ni, in kai ma Hadiza famfon ubanta.

Allah ya jiƙan Alyo, ya yafe mishi, ya haskaka kabarinshi, ya ba iyalinshi haƙuri. Wanda duk ya karanta ya yi mishi addu'a, don Allah. In kun gama addu'arshi, ku sa ni a ciki.