Ranar da Batirin Ganzorig Ya Kwana a Waje

Ganzorig makiyayi ne a arewacin Mongoliya, kuma shi kaɗai ke da mota a kwarinsu. Duk hunturu, da yamma ta yi sai ya kwance batirin, ya rungumo shi cikin tanti, ya naɗe shi da fatar tunkiya don kada sanyi ya kashe shi. Matarsa Tsetsegee takan ce, "Sannu, mai jego. Autan naka ya ƙoshi kuwa?"

Ranar da ƙanƙara ta binne masa tumaki, yini ya yi yana tono. Ya dawo ya zube, batirin ya kwana a mota.

Da safe naƙuda ta kama Tsetsegee, lokaci bai yi ba, ga jini, asibiti kuma can bayan duwatsu. Ya murɗa makulli, motar ko tari ba ta yi ba. Ya shigo da batirin a daskare. Ya san in ya gasa shi a wuta tsagewa zai yi. Sai ya buɗe rigarsa ya manna shi a ƙirji, haƙoransa na kaɗawa.

"Farka mana, ɗan banza! Farka!"

Tsetsegee ta ɗago kai da ƙyar.

"Ganzorig," ta ce, "na cikina ma ya daina motsi."